Ƙusar da Ba Ta da Mai Ita: Tarihin Faci a Birnin Kano

Mota ba ta cika shiga cikin Madabo ba. Lungunan unguwar, kamar na sauran tsofaffin unguwannin da ke gindin Dala, an yanka su ne daidai faɗin jaki da mangalarsa, shi ya sa mai mota yakan ajiye ta a bakin titi ya ƙarasa gida da ƙafa. Da safe kuwa ba abin mamaki ba ne ya fito ya tarar ta karkace, tayar baya ta kwanta a ƙasa. Idan tsohuwar taya ce da ta riga ta suɗe, sai ya yi tsaki ya nemi jak. Idan sabuwa ce, wadda ko gashin robar jikinta bai kakkaɓe ba, wadda ya yi watanni yana tara kuɗinta, abin ya wuce tsaki. Wata ƙusa ce 'yar inci biyu, ko guntun waya, ta shige tsakanin zanen tayar a wani wurin da ba zai taɓa sani ba, ta kwana tana zuƙe iskar a hankali.

Bahaushe kalma ɗaya ya ba ciwon da maganinsa. Yakan ce motarsa ta yi faci, sa'an nan ya ce an yi mata faci. Kalmar aro ce daga Turanci, can kuwa maho kawai take nufi, amma da ta zo nan sai ta haɗiye hujin ma, domin a rayuwar direba biyun ba sa rabuwa.

Kafin mai motar ya aika a kira mai faci, akwai tambayar da ke riga komai zuwa ransa: wannan asara ta wa ce? Mai shagon da ya sayar masa zai ce lafiya lau ya ba shi. Garantin kamfanin da ya ƙera tayar ya tsaya ne ga kuskuren ƙira, bai shafi abin da hanya ta yi ba. A Amurka har wani lamuni na dabam masu sayar da taya ke sayarwa saboda ƙusa da rami, abin da kasuwar Kano ba ta san shi ba. Saura wanda ya yar da ƙusar. Kuma duk birnin babu inda ya fi dacewa a yi wannan tambaya kamar Madabo, domin unguwar ta yi ƙarnuka tana karantar da amsarta.

Hanyar da kowa ya san mai ita

Tarihin Madabo yana haɗe da na Wangarawa, malaman da suka zo daga ƙasar Mali ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite. Littafin tarihin sarakunan Kano ya sa zuwansu a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Nasu littafin na asali kuwa ya kai shi zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Ko wanne aka ɗauka, Madabo ta zama cibiyar fiƙihun Malikiyya a birnin, ta shahara da karatun Muhtasar na Shehu Halilu, har ga sarautar Babban Malami na Madabo. Fiƙihun nan kuwa bai raina hanya ba. Tun daga Muwaɗɗa, Imamu Malik ya rarrabe tsakanin abin da mutum ke da izinin yi a kan hanyar jama'a da abin da ba shi da izini. Wanda ya haƙa rami ko ya ɗaure dabba inda bai kamata ba, wani ya cutu, to lamunin ɓarnar yana wuyansa. Wanda ya yi abin da aka saba kuma aka yarje masa, kamar ya sauka daga kan dabbarsa na ɗan lokaci don wata buƙata, babu komai a kansa. A gefe guda kuma kowane almajiri ya san cewa kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani. Wato hanya tana da haƙƙi ta fuska biyu: wanda ya ɓata ta zai biya, wanda ya gyara ta yana da lada.

Hukuncin ya yi aiki ne saboda ya dace da garin da aka karantar da shi. A lungu kowa ya san ƙofar gidan wa ce, ya san wa ya haƙa kududdufi don yin tubali, ya san jakin wa aka ɗaure a kwana. Mai unguwa ba ya buƙatar bincike mai nisa. Kowane gida yana share ƙofarsa da safe, shara kuma toka ce da kashin dabbobi da karmami, waɗanda masu jakuna ke kwasa su kai gonakin bayan ganuwa a matsayin taki.

Abin da ke huda matafiyi a wancan zamani daga Allah yake, ba daga mutum ba. Ƙaya ce: ta aduwa, ta bagaruwa, da tsidau mai kwanciya a ƙasa yana jiran tafin ƙafa. Fatake kan rataya matsefata don cire ta, kuma Kano ta yi arziki da maganinta. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo birnin a 1851, ya lissafa takalman fata cikin kayan da Kano ke fitarwa zuwa ƙasashe masu nisa, bayan tufafin rini. Ƙarfe kuwa ba ya kwana a ƙasa. Kowace ƙusa maƙeri ne ya zauna ya buge ta da hannu, daga ƙarfen da aka narko daga tama da wahala, ana kafa ta a ƙyauren ƙofar gari ko na gidan mai hali. Ginin ƙasa da azara ba ya neman ƙusa. Dawakin ƙasar Hausa ba a saba yi musu takalmin ƙarfe ba. Wanda ya tsinci guntun ƙarfe a hanya ya tsinci dukiya, maƙera zai kai shi a mayar masa da shi allura ko bakin kibiya.

Inda ƙusa ta riga taya

A Turai labarin ya bi ta wata hanya. Can doki da takalmin ƙarfe yake tafiya, kowane takalmi da ƙusoshinsa, kuma ƙarni bayan ƙarni suna zubewa a kan hanyoyi babu wanda ya damu, tun da ƙafar keken doki katako ce da ɗaurin ƙarfe. A 1839 Charles Goodyear na Amurka ya gano cewa idan aka gauraya danƙon roba da farar wuta aka gasa, yakan daina narkewa da zafi da daskarewa da sanyi. Turawa suka raɗa wa wannan gashi suna daga Vulcan, gunkin wuta da ƙira na Rumawan dā, kuma daga nan ne sunan da 'yan Kudu ke kiran mai faci da shi ya samo asali. A 1888 wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya naɗa wa keken ɗansa roba mai iska a ciki. Wani ɗan Sikotlan, Robert Thomson, ya riga shi da dabarar tun 1845, amma zamani bai shirya mata ba sai a hannun Dunlop. Ranar da aka hura wa roba iska aka ɗora ta a kan hanya, ranar aka haifi faci, domin ƙusoshin dawaki sun daɗe a kwance suna jira.

Tayoyin farko manne suke da ƙafar keken, gyaransu yakan ci sa'o'i. 'Yan'uwa biyu a Faransa, André da Édouard Michelin, suka fito da wadda ake kwancewa a 1891, kuma a shekarar Charles Terront ya ci tseren Faris zuwa Brest da dawowa a kanta. A 1892 suka shirya nasu tseren daga Faris zuwa Clermont-Ferrand, garin masana'antarsu, suka sa aka watsa ƙusoshi a hanya da gangan, don duniya ta ga cewa faci ya zama aikin 'yan mintoci. Yana da kyau a riƙe wannan: waɗanda suka zuba ƙusa a hanya a wancan karon don kasuwarsu ta buɗe ba masu facin bakin titi ba ne, masu kamfani ne. Safaya ma daga wannan azaba ta fito. Wasu 'yan'uwa masu suna Davies a garin Llanelli na Wales ne suka fara sayar da ƙafar ko-ta-kwana a 1904.

Jirgi ɗaya ya kawo su

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, layin dogo ya iso a 1911. A shekara ta gaba cinikin gyaɗa ya ɓarke, attajirai irin su Alhassan Ɗantata da Umaru Sharubutu suka juya hanyoyin fataucin goro zuwa sayen gyaɗa. Taragun da ke tafiya kudu da buhuna ba sa dawowa wayam. Suna dawowa da atamfa da gishiri da kananzir a cikin akwatunan katako da aka buge da ƙusa, da kwanon rufi, da kekuna, da manyan motocin da za su kwaso gyaɗa daga ƙauyuka zuwa tasha. Ƙusar da ta zo ba irin ta maƙeri ba ce. Inji ne ke yanka ta daga waya, dubbai a sa'a, ana sayar da ita da awo. Karo na farko a tarihin birnin aka sami ƙarfe mai tsini wanda arharsa ta kai kafinta ya ga ya faɗi ƙasa bai sunkuya ba. Abin hudawa da abin da za a huda tare suka sauka a tashar Kano.

Da farko ƙaya ce ta ci gaba da mulki. Hanyoyin da En'e ta yi, mafi yawa da aikin tilas, na ƙasa ne da burji, waɗansu ma sai da rani ake bin su, kuma gwamnatin mulkin mallaka ta fi son su zama masu kai kaya ga jirgi maimakon masu gasa da shi. Keke ne ya fara shiga hannun talaka mai ɗan hali, malamin haraji da ɗan kasuwa da masinja, tsidau kuwa bai bambanta tayar keke da tafin ƙafa ba. A gindin masu gyaran keke sana'ar faci ta yi rarrafe: kwanon ruwa, guntun tsohon tiyub, abin kankara, da gam ɗin da ake kira sholisho. (Sunan nan daga baya ya yi tafiyar da ba a so, da samari suka gano ana shaƙarsa.) Birnin kansa sai da ya buɗe wa mota. Ƙofofin da aka gina ƙuntatattu don tsaro aka riƙa faɗaɗa su, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka huda Sabuwar Ƙofa, aka ratsa tsakiyar gari da tituna. Unguwanni irin su Madabo suka zauna a yadda suke a ciki, titi ya bi ta gefensu.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mayar da faci abin dole. A watan Fabrairu na 1942 Jafan ta kama Singafo, ƙasar Malaya ta kuɓuce wa Ingila, da ita kuma mafi yawan robar da take dogara da ita. A Nijeriya aka sa taya da fetur a ƙarƙashin rabo, aka tura mutane dazuzzukan Kudu neman danƙo, ana kuma matsa wa Arewa ta ƙara gyaɗa. Mai babbar mota da tayarsa ta fashe ba shi da wurin sayen wata. Sai a yi mata maho, a yi wa mahon maho, a yanko gefen wadda ta mutu a shimfiɗa a cikin wadda ke da sauran rai. Ɗabi'ar da aka koya a wannan ƙunci, cewa taya ba ta mutuwa sai ta ƙi ɗaukar iska, ta daɗe bayan ƙuncin ya wuce, kuma har yau tana kashe mutane a manyan hanyoyi.

Abin da mai faci ya sani, da abin da yake yi duk da ya sani

Kayan aikinsa kowa ya san su: injin iska mai tari a ƙarƙashin bishiya, baho na ruwan da ya yi baƙi, ƙarafan ɓanɓare taya, da tsohon fistin mota da ake ɗorawa a kan maho a zuba masa mai a kunna wuta. Wannan fistin ba wasa ba ne. Dabarar Goodyear ce tsantsa, zafi da matsi a kan ɗanyar roba har ta haɗe da jikin tiyub, an rage ta zuwa abin da za a iya ɗauka a buhu.

Yana kuma da ilimin da ba a rubuta ba, wanda injiniyoyi suka tabbatar. Tayar baya ta fi ta gaba yin faci, saboda ƙusa a kwance take, ta gaba ce ke taka ta ta tayar da ita tsaye, ta baya ta zo ta same ta a miƙe. Damina ta fi rani kawo masa ciniki, domin ruwa na wanko tarkace daga kwata zuwa titi, kuma jiƙaƙƙiyar roba ta fi saurin yankuwa. Gefen titi, inda ƙasa ta taru, nan ne ma'ajiyar ƙusa, kuma nan mai sauri ke ratsewa idan an yi cunkoso. Sabuntar taya ba kariya ba ce. Kaurin zanenta na iya hana guntuwar ƙusa kaiwa ciki, amma doguwa za ta wuce ta tsakanin wayoyin ƙarfen da ke ƙarƙashin zanen kamar allura a tabarma.

Tayar ita ma ta sauya a hannunsa. Michelin ta yi rajistar ƙirar da wayoyinta ke tafiya daga gefe zuwa gefe a 1946, wadda ta fi daɗewa amma gefenta ya fi laushi. Kamfanin BF Goodrich na Amurka ya fito da marar tiyub a ƙarshen shekarun 1940, zuwa tsakiyar shekarun 1950 ta zama ita ce ta sababbin motoci a can. Tiyubles, kamar yadda masu faci ke kiranta, alheri ce babba: ƙusa na shiga ta toshe ramin da ta yi, iska ta riƙa fita kaɗan-kaɗan maimakon fashewa lokaci ɗaya. Wannan ne ya sa motar bakin Madabo ta kai gida lafiya, sai da safe ta kwanta. Shi ya sa kuma cire ƙusar a hanya, kafin a isa wurin gyara, kuskure ne.

Ƙa'idar gyaranta a wurin masu ƙera taya a bayyane take. Hujin da ke tsakiyar shimfiɗar da ke taka ƙasa, wanda bai wuce milimita 6 ba, yana gyaruwa, kuma tayar da aka gyara daidai za ta iya cika kwanakinta. Gyaran daidai shi ne a cire ta daga rim, a duba cikinta, a cike ramin don kada ruwa ya kai ga wayoyi su yi tsatsa, sa'an nan a manna maho ta ciki. Igiyar roba da ake sokawa daga waje ba tare da an kwance ba, wadda ita ce aka fi yi saboda sauri da arha, ta kai mutum gida ce kawai. Hujin gefe ko na kafaɗa ba ya gyaruwa, domin wurin yana lanƙwasa a kowane juyi. Mafi muni kuma shi ne tafiya a kan taya babu iska: ɗan nisa kaɗan ya isa rim ya niƙe gefenta ta ciki, daga waje tana nan kamar sabuwa. Sababbin tayoyi da yawa ba ƙusa ce ta kashe su ba, lallaɓawar da aka yi zuwa wurin mai faci ce.

Mai faci ya san duk wannan, ko mafi yawansa. Amma idan ɗan Adaidaita Sahu ya tsaya gabansa da huji a gefe, balas na jiransa da yamma, sabuwar taya kuma ta fi ƙarfin cinikin kwanaki, amsar da ke daidai ba ta sayuwa. Sai a gasa gefen, ko a zura tiyub a cikin tiyubles, a ce Allah ya kiyaye. A kan iska kuwa laifin nasa ne ba na talauci ba: geji ya lalace ko babu, ana auna ta da bugun ƙarfe da sauraron amo, ana cikawa har ta yi tauri, alhali adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba. Tun da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, babura masu ƙafa uku suka cika gari, su ne kuma ke shiga har bakin lungunan da mota ba ta kaiwa. Ƙananan tayoyinsu su ne abincin mai faci na yau da kullum.

Sabuwa a wurin wa?

Akwai lokacin da kalmar sabuwar taya ba ta da harshen damo a Nijeriya. A farkon shekarun 1960 Michelin ta kafa masana'anta a Fatakwal, Dunlop ta kafa a Ikeja, suna sarrafa robar da ake tatsa a yankin Binin da Safele. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, a Kano kanta ana haɗa kekunan Raleigh. Wanda ya sayi taya ya san inda aka yi ta, ya san wakilin da zai mayar wa idan ta kumbura. Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, sai ɗan Kwatano ya zama sarki: motoci da tayoyin da Turai ta gama da su, waɗansu ma an ƙera su ne don ƙanƙara, suna shigowa ta Kwatano, ko su zagayo ta Nijar su faɗo ta Maraɗi. Rashin wutar lantarki da saukar da harajin tayoyin waje suka ƙarasa sauran. Michelin ta rufe a 2007, Dunlop ta daina ƙira a 2008. Ƙasar da ke noman roba ta koma sayen taya daga Asiya da dala, kuma tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, kowace ƙusa a titi tsadarta ta ninka.

A cikin wannan kasuwa, sabuwa na iya nufin abubuwa da dama. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa ta sha kama kwantenoni da aka cusa tayoyi a cikin juna, uku ko fiye a cikin ɗaya, don a rage kuɗin dako da na kwastan. Tayar da aka murɗe haka wayoyin bakinta sun riga sun karye tun ba ta taɓa ƙasa ba. Wata kuma ta yi shekaru a sito, robarta ta bushe. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta. 2319, alal misali, mako na 23 ne na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana shelar cewa taya shekara huɗu gare ta daga wannan rana, ko da yake kamfanonin ƙira sun fi ba ta tsawon rai idan an adana ta da kyau.

Nan ne karatun Madabo ke da abin cewa dalla-dalla. Babin ciniki ya bambanta aibin da kaya suka zo da shi daga hannun mai sayarwa da wanda ya same su bayan mai saye ya karɓa. Na farko yana ba da damar mayarwa, balle idan an ɓoye shi. Na biyu rabon mai saye ne. Tayar da aka cusa a cikin wata, ko wadda aka goge shekarunta, tsohon aibi ce, kuma alƙali zai iya kama mai shago da ita. Tayar da ta taka ƙusa a Ƙofar Mazugal ba ruwan mai shago. Matsalar ita ce a aikace biyun sukan haɗu: lafiyayyar taya ta ɗauki ƙusa ta kai gida, mai tsohon rauni ta ɗauki irin ƙusar ta tarwatse a guje. Mai shago ya nuna ƙusa, mai mota ya nuna tsagar, kowa da rabin gaskiya.

Wanda ya yar da ƙusar fa? A hukunce lamunin nasa ne, idan ya saka a hanya abin da ba shi da izini. Sai dai hukuncin yana buƙatar suna, ƙusar zamani kuwa ba ta da mai ita. Ta faɗo ne daga kurar da ta ɗauko tsofaffin katakai, ko daga wurin da aka kwance rumfar biki, ko daga ginin da aka zube yashi da katakon dakin har rabin titi, ko daga motar da ta fito daga kasuwar Ƙofar Ruwa da lodin rodi da kayan gini, ko daga tokar taya da aka ƙona ta bar wayoyinta. Hannu ɗari ne suka taru, babu wanda ya yi niyya. Mai unguwar da ya san jakin wa aka ɗaure a kwana ba shi da yadda zai san wannan. Hukumomin shara da na hanya da aka ɗora wa aikin kuwa, ba a saba jin mai mota ya kai su ƙara a kan taya ba.

Da yake zuciya ba ta son asarar da ba ta da mai laifi, zargi yakan faɗa kan wanda ya ci riba. Duk inda aka yi faci kusa da mai faci, sai a ce shi ya zuba. Akwai garuruwan da abin ya tabbata: a Jakarta ta Indunusiya har ƙungiyar 'yan sa-kai aka kafa, suna bin tituna da mayen ƙarfe suna kwashe ƙusoshin da aka watsa da gangan. A manyan hanyoyin Nijeriya ma an san 'yan fashi da katako mai ƙusoshi, an san masu karɓar haraji da irinsa. Amma a cikin birni zargin ya fi hujjarsa yawa. Mai faci yana zama ne inda motoci suka fi yawa, inda kuma tarkace ya fi yawa, titin Kano bai bar masa aikin zubawa ba.

Masu kwashewar ma akwai su, ko da yake ba don lada suke yi ba. Ƙarfe ya sake yin kuɗi. Yaran jari-bola suna yawo da buhu a kafaɗa, wasunsu na jan mayen ƙarfe da aka ciro daga tsohuwar lasifika, ɗaure da igiya, yana bin ƙasa yana tattara ƙusa da noti da guntun waya daga gefen titi da bakin kwata. Abin da suka tara a kan sikeli yake ƙarewa, a wurin 'yan gwangwan, a biya su da kilo. Daga can manyan motoci su kwashe zuwa masana'antun narka ƙarfe, a mayar da shi rodi, rodin ya dawo Ƙofar Ruwa a ɗora shi a kan kura zuwa wani sabon gini, inda za a yanka shi, a ɗaure shi da waya, a bar guntayen a bakin hanya.